Shari'a da Sadaka a Bakin Ibraniyawa

Yawancinmu in muka ji kalman nan "hukunci", gabanmu ya kan fāɗi, gama mu kan tuna da ɗan doka da bulala da gidan yari. Amma mai karanta Zabura ta 96 da ta 98 zai tarar da abin mamaki. A can ana kiran teku da itatuwa da tuddai su yi murna, domin Allah yana zuwa ya yi wa duniya shari'a. Ina dalilin wannan murna? Bari mu duba kalmomi biyu na Ibrananci.

Ta fari ita ce mishfat, watau shari'a. Daga tushenta aka sami shofet, alƙali. A wurin Ibraniyawa aikin alƙali shi ne ya mayar wa mutum hakkinsa da aka ƙwace. Domin haka ne Gidiyon, wanda ya ceci Isra'ila daga hannun Madayanawa, yake cikin Littafin Mahukunta. A ƙofar gari dattawa suke zama su ji ƙara, a idon kowa. Gwauruwa wadda aka cinye gonarta tana marmarin ranar nan ƙwarai. Wanda ya cuce ta, shi ne ya kamata ya ji tsoro.

Ta biyu ita ce tsedaka, watau adalci. Ku lura, tushenta ɗaya ne da kalmarmu "sadaka", wadda muka samo daga Larabci. Sau da dama mu kan ɗauki sadaka kamar alheri ne da mutum yake yi in ya ga dama. Attaura kuwa ta mai da ita bashi. A Littafin Firistoci sura 19 an hana mai gona ya girbe gefen gonarsa ko ya koma ya yi kala, gama wannan rabon matalauci da baƙo ne. Sa'ad da Rut ta yi kala a gonar Bo'aza, hakkinta take ɗiba. A Maimaitawar Shari'a sura 24 an hana karɓan dutsen niƙa jingina, an kuma umarta a biya ɗan ƙwadago ladansa kafin rana ta fāɗi. Har wa yau Yahudawa suna kiran taimakon matalauta tsedaka.

Wani zai ce, "Ashe, sai alƙali ya goyi bayan matalauci ke nan?" A'a. Surar nan da ta ba matalauci kala, ita ce kuma ta hana alƙali yin tara domin talaucin mutum ko domin girmansa. Malaman Yahudawa sun riƙe wannan da rawar jiki. A littafinsu Mishna, wanda aka harhaɗa wajen shekara ta 200, shari'ar rai tana bukatar alƙalai 23. Rinjayen murya ɗaya ya isa a saki mutum, amma kafin a kāshe shi sai da rinjayen biyu, sai kuma an kwana an sāke tunani.

Babban malaminsu Musa ɗan Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya kasa tsedaka mataki 8. Mafi girma duka shi ne a ba mutum rance ko aiki ko haɗin jari, har ya tsaya da ƙafafunsa, kada ya kai ga roƙo.

To, 'yan'uwa, wannan ya shafe mu. Yana da sauƙi mu jefa wa maroƙi kwabo, alhali mun hana mai yi mana noma ladansa har kwana bakwai, ko kuwa mudun da muke saye da shi dabam, na sayarwa dabam. Ga annabawan Isra'ila irin wannan kyauta ba ta wanke hannu. Mu fara biyan abin da ake bin mu tukuna. Sa'an nan in aka ambaci ranar shari'a, mu ma za mu iya yin murna tare da gwauruwa da maraya.