Kwafin Halitta: Darasi Daga Mabiyiyar Ɓera

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, ka san mabiyiya, wadda ke biyo jariri a binne ta bayan ɗaki. Ita ke shayar da ɗan tayi abinci da iska daga jinin uwa. Ko makiyayi a ƙasar Zuru ya sani, idan ta ƙi faɗowa ran saniya na cikin haɗari.

A 1996 masana a Sikotilan suka samar da tunkiya Dolly daga ƙwayar jikin wata tunkiya, ba tare da rago ba, bayan gwaji 277. A 1997 aka yi haka da ɓera a Hawai. Amma sai aka ga mabiyiyar irin waɗannan ɓeraye tana kumbura, ta ninka ta sauran sau biyu ko uku, kuma mafi yawan cikin lalacewa yake yi. Da aka auna furotin ɗin cikinta, sai aka tarar wasu sun yi yawa, wasu sun gaza. A 2020 masu bincike a Japan suka gano babban dalili: akwai alamar da ƙwan uwa ke sa wa wasu ƙwayoyin gado su yi shiru. A wajen kwafi alamar ta ɓace, sai mabiyiya ta yi ta girma ba linzami.

To, duba ma'aunin Ubangiji! Mutum ya kwafi sura, amma awon da ke cikin abin da muke binnewa ya ba shi wuya.

Kada ka ce wannan ilmi haramun ne. A 1997, a Jidda, Majalisar Fiƙihu ta Duniya ta halatta shi ga dabbobi da tsirrai cikin iyakar Shari'a, ta haramta shi ga ɗan Adam. Dalili a fili yake. Idan gwaji ya ɓaci, wa zai ɗauki cutar? Mace ce mai ciki, da jaririn da ba a yi shawara da shi ba. Nasaba kuma ta rikice.

Saboda haka, kai da ke karatu a Jami'ar Noma ta Tarayya da ke Zuru, ka dage, al'umma na bukatarka. Sai dai kafin ka tambayi kanka "zan iya?", fara tambaya "wa zai cutu?" Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.