Kwaɗayi: A Ciki Yake Ko A Zuci?

Masu iya magana sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Abin da nake so mu duba a nan shi ne, shin ina ne mazaunin wannan kwaɗayi, a ciki ko a zuci? Zan ɗebo misalaina daga koyarwar addinin Kirista, domin malamansa sun daɗe suna tauna wannan batu.

Da farko dai, yunwa daban, kwaɗayi daban. Yunwa in an ba ta tuwo sai ta kwanta, amma kwaɗayi yakan tashi ko da ciki ya cika. Littafin Ƙidaya ya ba da labarin Isra'ilawa a jeji. Kullum manna tana sauko musu, ba mai kwana da yunwa, amma suka dinga kuka suna begen kifi da kankana da albasa da tafarnuwar Masar. Watau sun tuna miya, sun manta da bauta. Haka kuma Isuwa, a Littafin Farawa, ya komo daga jeji a gajiye, ya sayar wa ƙanensa Yakubu matsayinsa na ɗan fari a kan kwanon fate ɗaya. Ya ci, ya ƙoshi, ya tashi ba gādo.

Wannan ne ya sa Ibagiriyus, wani mai ibada a hamadar Masar wanda ya rasu a 399, da ya lissafa mugayen tunani 8 masu yaƙar ɗan Adam, ya sa kwaɗayin abinci a farko. Daga baya Fafaroma Giregori Babba, wanda ya rasu a 604, ya kasa shi gida 5: ci tun lokaci bai yi ba, da neman mai tsada, da wuce ƙima, da haɗama, da yawan tsirfa wajen girki. A lura, ɗaya ne kaɗai cikin biyar ɗin nan ya shafi yawan abinci. Ashe ke nan siriri ma yana iya zama makwaɗaici.

To, wani zai ce, ashe abinci abokin gaba ne? A'a. Yesu da kansa ya halarci biki, ya ci tare da mutane, ya kuma koyar cewa abin da ke fitowa daga zuciya shi ne ke ƙazantar da mutum. Wahalar ita ce wadda Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya bayyana. Wasu sha'awoyi ana iya yanke su rana ɗaya a huta, amma ci ba ya yankuwa, tilas kullum a koma gaban kwano. Saboda haka ya ɗauki abinci tamkar magani, wanda ake sha gwargwadon bukata. Amma fa wanda yawan cinsa ko ƙin cinsa ciwo ne, likita yake bukata, zargi ba zai warkar da shi ba.

Mu dubi harshenmu ma. Kalmar da muke cin tuwo da ita, da ita ake cin hanci, da cin amana, da cin zali. Haƙiƙa wanda bai taɓa ce wa cikinsa "dakata" ba, da wuya ya ce wa hannunsa haka ran da aka damƙa masa dukiyar jama'a. Mu ɗalibai da za mu riƙe ofisoshi gobe, wannan magana tamu ce.

Daga ƙarshe, a ganina amfanin azumin kwana 40 da Kirista ke yi kafin Ista shi ne mutum ya gane wanda ke mulki a gidansa, shi ko cikinsa. Tun zamanin dā malaman ikilisiya sun koyar cewa abin da mai azumi ya hana bakinsa rabon matalauci ne. In ya adana shi don ya haɗa da na dare, to, kwaɗayin nan yana nan daram, lokacin ci kawai aka sake masa.