Tawakkali Ko Sakaci?

Kowace shekara da damina ta kankama sai labari ya zo cewa ruwa ya ci gari kaza, ko iska ta kwashe rufin gidaje a ƙauye kaza. Mu kuma sai mu ɗunguma zuwa jaje, mu ce wa mutanen, "Ƙaddara ce, sai haƙuri." Lalle wannan magana daidai take a zauren jaje. Abin da nake so mu duba, ya 'yan'uwana ɗalibai, shi ne ko ta dace a bakin mutum tun hadari bai haɗu ba, lokacin da yake da halin yin wani abu.

Waɗansu kan ce wanda ya tsaya tanadi don tsoron ambaliya, imaninsa ne ya yi rauni, tun da abin da aka rubuta ba makawa sai ya auku. To, amma Annabi Nuhu, Alaihissalam, ya sassaƙa jirgi tun ba a ga ɗigon ruwa ba, mutanensa na wucewa suna yi masa ba'a. Annabi Yusufu kuma ya sa aka tara hatsin shekara bakwai na yalwa domin shekara bakwai na fari. Wa zai ce ya fi waɗannan bayin Allah tawakkali? Ashe shi tawakkali aikin zuciya ne, ba ya ɗaure wa mutum hannu.

Kakanninmu sun gane wannan sarai. Tun bazara suke yaɓe katanga, su gyara soro da indararo, su ɗora rumbu bisa duwatsu don kada danshi ya taɓa hatsi. Kududdufan da suka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, su ne matattarar ruwan unguwa. Yau a birni kamar Kano an cike da yawansu an yi gini a kai, kwatoci kuma sun toshe da leda. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa.

Ba kuma za mu ce ba mu ga aya ba. A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle a Jihar Kano. A watan Satumba na 2024 ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, shekara 30 bayan irin wannan ta sami garin a 1994. A ƙarshen Mayu na 2025 ruwa ya auka wa Mokwa, mutum fiye da 150 suka rasu. Ga shi kuma hukumar hasashen yanayi ta ƙasa kan fitar da bayanin damina tun farkon shekara. Wanda aka yi wa gargaɗi har haka, da wuya ya ce an shammace shi.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne nan: sakacin mutum ba a kansa kaɗai yake ƙarewa ba. Wanda ya ja katangarsa ta tare magudana, ko ya juye shara a kwata, gidansa na iya tsira, amma ruwan da ya kora sai ya shiga ɗakin maƙwabcinsa na gangare, watakila ɗakin tsohuwar da ba ta iya gudu. Watau shirin damina hakkin maƙwabtaka ne. Mai gidan da ya ce ya miƙa wa Allah lamarinsa, sai a tambaye shi, wa ya ba shi izinin yin kasada da ran 'ya'yansa da na maƙwabta?

Wani zai ce, talakan da ya gina ɗaki a fadama fa, ai ba don yana so ba ne, filin da ƙarfinsa ya kai ke nan. Gaskiya ne, kuma zalunci ne a ɗora masa laifi shi kaɗai. Nauyi gwargwadon iko yake. Gyaran madatsa da hana gini a hanyar ruwa da ba talaka fili a tudu, wajibin hukuma ne, kuma hukumar da aka yi wa gargaɗi ta yi biris ba ta da bakin cewa ƙaddara. Unguwa kuwa nata shi ne ta yi gayya ta yashe kwatoci kafin ruwan farko, mai unguwa da liman su sanar da kowa tudun da za a nufa, a kuma san gidajen da ke da tsofaffi da majinyata da wanda zai ɗauke su. Mai gida shi ma da nasa: ya ƙara wa rufi ƙusa, ya ɗaga hatsi sama, ya ƙulle takardu a leda, ya hana yara keta ruwa mai gudu, bayan ambaliya kuma a tafasa ruwan sha saboda amai da gudawa. Yawancin waɗannan ba kuɗi suke ci ba, himma suke so, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan an yi duk wannan ruwa ya zo ya fi ƙarfinmu, to, a nan ne kalmar ƙaddara take da daɗin faɗi, domin mai faɗinta ya sauke nauyin da ke kansa. Mu da aka sa a makaranta, idan mun koma gida hutu, mu fara da kwatar ƙofar gidanmu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga sharrinta, amin.