Haƙuri Ko Taimakon Zalunci: Hukuncin Zama A Mugun Wurin Aiki

 Filin wannan mako zai duba wata matsala da ke damun ma'aikata da yawa, watau matsayin Musulmin da ya tarar wurin neman abincinsa ya ɓaci. Shin zamansa a wurin haƙuri ne da za a ba shi lada a kansa, ko kuwa taimakon zalunci ne da za a tambaye shi ranar gobe?

Ƙasar Birnin Gwari, a yammacin Jihar Kaduna, ta isa misali. Allah Ya albarkace ta da ƙasar noma da zinariya, wadda ake haƙa tun zamanin Turawa, ga kuma daji mai faɗi, wanda a cikinsa ne gandun Kamuku yake, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999. Sa'an nan sai 'yan fashin daji suka mai da dajin mafaka shekara da shekaru. A watan Mayu na 2018 sun kashe mutane fiye da 40 a ƙauyen Gwaska kaɗai. A watan Nuwamba na 2024 aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta garin bayan ta daɗe a rufe. A tsawon waɗancan shekaru talaka bai daina neman abinci ba. Ya shiga ramin zinariya, ya yi ƙwadago a gona, ya yanki katako, ya tuƙa mota a hanyar Kaduna. A irin waɗannan wurare ne tambayar nan ta fi tsanani.

Da farko dai, wahala ba ita ce alamar mugun wurin aiki ba. Rami yana da zafi, gatari yana da nauyi, ubangida kuma yana iya zama mai faɗa alhali ba azzalumi ba ne. Alamomin da shari'a ta lura da su uku ne.

Ta ɗaya, a ɓoye wa ma'aikaci ladansa, ko a tauye shi. Malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risalar Ibn Abi Zaid, sun sharɗanta cewa ijara ba ta inganta sai an san lada an kuma san wa'adi. Inda lebura zai wuni cikin rami, a auna zinariyar bayan idonsa, a cire masa bashin abinci da bai san lissafinsa ba, har wata ya ƙare shi ake bi, to, wannan ba ijara ba ce. Bukhari ya ruwaito cewa wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki ya hana shi lada, yana cikin mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar alƙiyama.

Ta biyu, a wulaƙanta ran ma'aikaci da lafiyarsa. A tura yaro ramin da ba a tokare ba, ko a sa mutum ya ƙona zaiba yana shaƙar hayaƙinta ba a gaya masa illarta ba. Wannan ba zato ba ne. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. A 2015 irin wannan ta auku a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari, yara 28 suka rasu.

Ta uku kuwa, wadda ta fi duka muni, ita ce a mai da ma'aikaci hannun da ake cutar wasu da shi: a ce ya rage ma'auni, ya yi shaidar zur a kan abokin aikinsa, ya kai annamimanci wurin ubangida, ko ya kai wa 'yan fashi mai da abinci da labarin wanda ya sayar da amfanin gona.

A nan ne ake rarrabewa. Haƙuri yana halatta, har ana yabonsa, a kan cutar da ta tsaya a kan mutum shi kaɗai. Wanda aka zaga, ko aka jinkirta masa lada, yana da damar ya jure saboda iyalinsa, yana kuma da damar ya nemi hakkinsa. Amma ba wanda yake da ikon yin haƙuri da cutar da ke bi ta hannunsa zuwa ga wani, domin hakkin ba nasa ba ne balle ya yafe. Suratul Ma'ida, aya ta 2, ta hana taimakekeniya a kan saɓo da ƙetare iyaka. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya jure bauta a gidan Azizu na Masar, amma ranar da gidan ya nemi ya saɓi Ubangijinsa sai ya zaɓi kurkuku.

To, yaya ma'aikaci zai yi? Ya fara da kansa, ya tsarkake hannunsa daga ha'inci, ko da kowa yana yi. Sa'an nan ya yi magana. Hadisin Abu Sa'idil Khudri a Sahihu Muslim ya jera matakan gusar da munkari: hannu, sai harshe, sai zuciya. Lebura ba shi da iko da hannu, amma yana da harshe. Ya faɗa wa ubangida a keɓe, cikin ladabi, ba a gaban yaransa ba. Ya nemi a yi jinga a gaban shaidu, a auna a gaban kowa. In ba a ji ba, ya haɗa kai da abokan aikinsa, su kai kuka ga shugaban sana'a, ko mai unguwa, ko alƙali. Kai ƙarar azzalumi wurin mai ikon hana shi ba ya cikin gibar da aka haramta, wannan kuwa malamai sun yi bayaninsa.

In duk wannan bai yi amfani ba, sai barin wurin. Suratun Nisa'i, aya ta 97, ta ba da labarin mutanen da suka kafa hujja da cewa an raunana su, aka mayar musu da cewa ai ƙasar Allah tana da yalwa. Mutanen ƙasar nan ba baƙin wannan darasi ba ne, gama Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bar Degel zuwa Gudu a 1804. In an bar gari saboda addini, barin rami ko gona ko ofis ai ya fi sauƙi.

Wani zai ce, wannan magana ce ta wanda cikinsa ya ƙoshi. Mai 'ya'ya bakwai, wanda aka ƙone rumbunsa, gonarsa kuma tana cikin dajin da ba ya shiguwa, ina za shi? Wannan hanzari ne mai ƙarfi, kuma Alƙur'ani bai ƙyale shi ba, domin ayar da ke biye ta yi togaciya ga raunana na gaskiya, maza da mata da yara, waɗanda ba su da dabara ba su kuma san hanya ba. Irin wannan mutum yana da uzurin zama, muddin zuciyarsa tana ƙin abin, yana kuma neman mafita. Sai dai uzurin yana da iyaka. Malamai sun haɗu a kan cewa tilas ba ta halatta wa mutum ya kashe wani don ya tsira da ransa. Saboda haka wanda ya nuna gidan maƙwabcinsa ga masu bindiga kada ya ruɗi kansa da sunan lalura. Kuma kowa ya binciki zuciyarsa, domin sau da yawa abin da ake kira tilas kwaɗayin riba ne kurum.

Nauyin kuwa ba a kan lebura kaɗai yake ba. Inda talaka ya rasa ƙofar halal, attajiran gari da masu mulki da malamai suna da rabonsu na tambaya. Zakka da jari da gona ta aro su ne ke ba mutum ƙarfin juya wa mugun aiki baya. Iyayen gida kuma su tuna da dattijon Madyana, wanda ya ɗauki Annabi Musa aiki, ya bayyana masa wa'adi, shekara 8 ko 10 in ya so, ya kuma tabbatar masa ba ya nufin tsananta masa.

Allah Ya ciyar da al'umma daga halal, Ya zaunar da ƙasar Birnin Gwari lafiya, Ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Allah Shi ne mafi sani.