Ajali da Kujerar Direba

Idan direban tirela ya yanke jiki ya faɗi a tashar Sokode, ko a hanyar Dapaong zuwa Cinkassé, abin da ake faɗa a zaman makoki shi ne kwana ya ƙare. Babu musulmin da zai ja da wannan. Sai dai maganar takan danne wata tambaya: me ya sa ciwon toshewar jijiyoyin zuciya ya fi aukuwa a wasu sana'o'i?

Kitse ne ke taruwa a jikin jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini har hanya ta ƙuntata. Hawan jini, ciwon suga, taba da yawan zama ke rura wutar. A 1953 likita Jeremy Morris ya gano cewa direbobin bas na Landan, masu wuni a zaune, sun fi kwandastocinsu masu hawa da sauka a matakala kamuwa da ciwon. Mota ɗaya, hanya ɗaya, kujera ce ta raba su. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka bayyana cewa aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin mutuwa da wannan ciwo da kashi 17 cikin ɗari. Wanda ya ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Lome zuwa Wagadugu ba ya ma ƙirga awa. Fataken goron da suka ratsa ƙasar Kotokoli zuwa Salaga da ƙafa suka yi fataucinsu, bayan jakuna. Magadansu a zaune suke yi, ga taba don korar barci.

Wani zai ce wannan lissafi shisshigi ne cikin ƙaddara. Amma lokacin annobar Amawas, Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham, kuma da Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne, ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddarar take. Wanda ya rubuta ajali shi ya rubuta sababi, kuma ajalin ne kaɗai aka ɓoye mana.

Ƙorafin da ya fi nauyi na talaka ne. Ɗan zemijan, wato ɗan acaba, da ke biyan kuɗin babur kowace yamma, ina ya ga zaɓi? Gaskiya ne, Allah ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. To amma nauyin bai ɓace ba, komawa ya yi kan mai iko da lokacin ma'aikaci. Mai motar da ke duba taya da birki kafin kowace tafiya ya riga ya yarda da sababi, tunda bai taɓa cewa tayar ta jira kwananta ba. Awon hawan jini a asibitin yanki na Sokode ko na Dapaong bai kai canjin taya ɗaya cin lokaci ba, kuma mai motar ne ke da ikon ba direbansa wannan safiyar.