Aikin da Ido Ba Ya Gani

Ya kai mai karatu, ga wata tambaya. In ma'aikaci ya yi aiki, mai abu ya duba ya ce madalla, ya biya kuɗi ya tafi, aikin ya ƙare ke nan? Mutane da yawa za su ce i, ai an rabu lafiya. To, bari mu ɗauki misali a kan hanyarmu, mu gani ko haka ne.

Ka san babbar hanyar kwalta mai lamba 1. Daga Yamai ta fito, ta biyo ta Gidan Rumji, ta wuce Maraɗi, Cadawa, Agye, Gazawa da Tasawa, ta nufi Damagaram. Kullum kana ganin motoci a kanta. Akwai manyan motocin kaya, akwai na fasinja, akwai kuma motocin alfarma na alhazai da manyan ma'aikata, irin su Land Cruiser da Lexus da Mercedes. Wata rana tayar motar kaya takan harbo tsakuwa, ta bugi gilashin gaban irin wannan mota, ya tsage. Dole a canja shi. A kan wannan canji za mu yi magana.

Kada ka ce ina ruwanka, tun da ba ka da mota. Kai ne ke tsallaka hanyar ranar kasuwa. Amalankenka na bin gefenta. Ɗanka na koro awaki ta wurin da yamma. Saboda haka da ruwanka.

Gilashin gaba ba na ado ba ne

Gilashin gaban mota ya bambanta da na taga. Falle biyu ne aka manne, da wata roba siririya a tsakani. In ya fashe, robar ke riƙe gutsattsarin don kada su watsu a fuskar mutane. Wani Bafaranshe mai suna Benediktus ya yi rajistar wannan dabara a 1909. A motocin yanzu, da gam mai ƙarfi ake liƙa gilashin a jikin mota. Yana taimakawa wajen riƙe rufin in mota ta kife. Jakar iskar da ke kare wanda ke zaune kusa da direba, a motoci da yawa, da shi take jingina in ta buɗe. Shi ya sa kowane gam ke da lokacin bushewa da aka rubuta a jikinsa, kuma ba a tuƙa motar sai lokacin ya cika.

Sabbin motocin alfarma suna da wani abu kuma. A saman gilashin, ta ciki, bayan madubin da direba ke duba baya, akwai ƴar kyamara. Ita ce idon motar. Tana kallon hanya, tana aika abin da ta gani zuwa kwamfutar da ke cikin motar. In ta ga mota na barin layinta, sai ta yi ƙara, ko ta ɗan juya sitiyari. In ta ga za a bugi wata mota ko mutum, direba bai taka birki ba, sai motar ta taka da kanta.

Wannan abu ba zai tsaya ga masu kuɗi kaɗai ba. Tun watan Yuli na 2024, duk sabuwar ƙaramar motar da za a sayar a ƙasashen Tarayyar Turai, dole ta zo da birkin da ke kama kansa da na'urar tsare layi. Ka kuwa san tsofaffin motocin Turai, bayan ƴan shekaru, wurinmu suke ƙarewa.

Karkata kaɗan, ɓata da yawa

To, in aka cire tsohon gilashi aka sa sabo, dole a kwance idon nan a maida shi. Kome gwanintar mai aiki, da wuya ya koma daidai inda yake. Saboda haka kamfanonin da ke ƙera motocin suka ce a sake saita shi bayan kowane canji. Hanya biyu ake bi. Ko dai a tsaida motar a daɓe mai shimfiɗa, a kafa wani allo mai zane a gabanta, a auna tazararsa da ma'auni, a jona kwamfuta ta gyara ganin idon. Ko kuma a jona kwamfutar, a tuƙa motar a hanyar da fararen layukanta suka fito sosai, har idon ya daidaita. Wasu motocin sai an yi musu duka biyun.

Me ya sa ake wannan wahala? Kai manomi ne, ka san amsar. In za ka ja kunya a gona, ka karkace kaɗan a farko, ba wanda zai lura. Amma kafin ka kai ƙarshen gonar, ka shiga ta maƙwabcinka. Haka idon mota yake. Miƙe hannunka ka dubi ƙaramin yatsanka. Faɗinsa, yadda kake ganinsa, shi ne kusan abin da masu lissafi ke kira digiri 1. In idon ya karkace da digiri 1 kawai, abin da ke nesa da mita 100 zai gan shi ya gusa da kusan mita 2. Wato yaron da ke tsakiyar hanya, idon na iya ɗauka a gefe yake. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa kuwa, mita 25 take ci a daƙiƙa ɗaya. Cikin daƙiƙa 4 ta iso wurin yaron.

Abin tsoron shi ne, ba a ganin wannan karkata. Gilashi na sheƙi, ruwa ba ya shiga, iska ba ta shiga. Wani lokaci motar kan kunna ƴar fitila ta gargaɗi, wani lokaci kuwa shiru.

Abin da mai gyara zai ce

Mu ɗauka wani alhaji ya kai motarsa wurin mai sa gilashi. Mai gyaran gwani ne, ya daɗe yana wannan sana'a. Amma ba shi da allon, ba shi da kwamfutar. Ya sa gilashi, ya goge shi tas. Alhaji ya zagaya ya duba, ya ce: "Madalla, nawa ne?" A nan mai gyara ke tsaye tsakanin hanya biyu. Ko ya karɓi kuɗinsa ya yi shiru, ko ya ce: "Ranka ya daɗe, akwai sauran aiki, kuma ba ni da kayan yin sa."

Kada mu yi saurin zaginsa in ya yi shiru. Mu ji hujjarsa tukuna. Zai ce kayan saitin na da tsada, ya fi ƙarfinsa. Zai ce in ya faɗi haka, Alhaji zai raina shi, gobe ya kai motar wurin wani. Zai ce yana da iyali da yaran shago da ke ci a hannunsa. Zai kuma ce, ai hanyoyinmu da yawa ba su da fararen layuka, ga ƙura, ga hazo lokacin hunturu, idon ma ba kullum yake gani ba.

Duk wannan akwai gaskiya a ciki. Rashin kayan aiki ba zunubi ba ne. Kuma su kansu masu ƙera motocin suna gargaɗi cewa na'urar mataimakiya ce kawai, alhakin tuƙi na kan direba. Amma duba wani abu. Makahon da ya san shi makaho ne, da sanda yake tafiya, a hankali, yana lalube. Wanda ke faɗawa rami shi ne mai tsammanin yana gani alhali idonsa na yaudararsa. Direban tsohuwar mota ya san ba mai taka masa birki, don haka yana kula. Direban Alhaji kuwa ya saba motar na tsawata masa. Wata rana zai ɗan saki jiki, ko ya dubi wayarsa, yana dogara ga idon da ya riga ya karkace. Da an faɗa masa gaskiya, da ya riƙe sandarsa.

Ka ga ke nan laifin mai gyara a shirun yake. Bai yi ƙarya da baki ba, amma ya bar mutum ya tafi da zaton an gama masa aiki. Kuma wanda zai biya bashin wannan shiru, ba ya wurin sa'ad da aka yi ciniki. Yana can ƙauye, bai san mai gyara ba, bai san Alhaji ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023, kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara. Fiye da rabinsu masu tafiya da ƙafa ne, da masu keke, da masu babur. In kuma aka kwatanta da yawan jama'a, a Afirka abin ya fi muni.

Alhaji ma da nasa kason

Ba mai gyara kaɗai ke ɗauke da kayan ba. Wani mai motar, ko an faɗa masa gaskiya, sai ya ce: "Bar shi haka nan, sauri nake." Wani ya nemi gilashi mafi araha, ko da bai dace da idon motar ba. Wani ya ƙi jiran gam ya bushe. Mutumin da ya iya sayen mota ta miliyoyi, bai kamata kuɗin saiti ya gagare shi ba. Araha ba ta ado. In kuwa ya ji gaskiya ya toshe kunne, alhakin ya tashi daga wuyan mai gyara ya koma nasa.

Akwai kuma mai cewa: "Ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Gaskiya ne, rai a hannun Allah yake. Amma malamai sun koya mana cewa mai raƙumi sai ya ɗaure raƙuminsa, sannan ya dogara ga Allah. Wanda ya bar rijiya buɗe a bakin hanya, yaro ya faɗa, ba ya wanke kansa da kiran ƙaddara.

Yanzu mu dawo gida

Wataƙila har ka mutu ba za ka taɓa irin wannan gilashi ba. Amma kowace sana'a na da nata ɓoyayyen ido. Mai aya ya san abin da ke ƙasan buhu, ko aya ce ko yashi. Mai awo ya san ko gindin tiyarsa a lotse yake. Wanda ya zuba wa wake magani a rumbu ya san ko lokacin cinsa ya yi kafin ya kai kasuwa. Magini ya san yawan simintin da ya sa a harsashi, wanda ƙasa ta riga ta rufe. Mai kabu-kabu ya san ko birkinsa na kamawa. Duk waɗannan, mai saye ba ya gani. Amana kawai ya saya.

Malamai suna ba da labarin ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci a kasuwa. Ya tura hannu cikin tulin, ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Ba a kama shi da laifin ruwan sama ba. An kama shi da laifin ɓoye jiƙaƙƙen inda mai saye ba zai gani ba. To, rashin kwamfutar saiti kamar ruwan saman nan ne, ya fi ƙarfin mutum. Rufe maganar kuwa zaɓinsa ne.

Mutane suna jin kunyar cewa "ban iya ba". Suna ganin kamar faɗuwa ce. Amma ka tuna masu sana'ar da ka fi yarda da su a garinku. Ai su ne waɗanda suka taɓa ce maka: "Wannan ya fi ƙarfina, kai shi wurin wane." Ranar nan sun rasa ƴan kuɗi, amma tun daga ranar duk abin da suka ce maka ba ka musu. Mai gyaran da ya ce wa Alhaji akwai sauran aiki, ya nuna masa inda zai nemi masu kayan saitin, ya gargaɗi direba kada ya dogara ga idon kafin nan, wannan ya gama nasa aikin, kuma kuɗinsa halal ne.

Ga abin da ya rage gare ka, kai da ka koyi karatu. In kana sayarwa ko kana yi wa wani aiki, faɗi aibin abu kafin a tambaye ka. In kai ne mai saye, tambayi abin da ba a gani: me aka sa a ciki, me ya rage ba a yi ba? Karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbar magani da buhun taki. In aiki babba ne, a rubuta abin da aka yi da abin da ba a yi ba, kowa ya sa hannu. In ɗanka na koyon sana'a a garaji, koya masa cewa faɗin gaskiya ga mai mota na cikin aikin. In kuma za ku tsallaka kwalta, kai da yara da dabbobi, ku tsaya ku duba da idonku. Kada ku ce ai babbar mota ce, za ta gan mu.

Mun fara da tambaya, ko aiki ya ƙare in mai abu ya ce madalla. Amsa ita ce, sai an yi ɓangaren da ba ya gani, ko kuwa an faɗa masa ba a yi ba.

Ku karanta wannan a wurin karatun manya, ku tattauna: a sana'ar kowannenku, ina ne wurin da mai saye ba ya gani? Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya tsare mu a kan hanya. Amin.