Kada Wulaƙanci Ya Mai da Kai Klingsor

'Ya'yana, ku saurara in ba ku labarin wani boka da Jamusawa suka daɗe suna ambato, domin akwai gargaɗi a cikinsa ga duk wanda aka taɓa ci wa mutunci.

Sunansa Klingsor. Mawaƙi Wolfram von Eschenbach ne ya kawo shi a littafinsa Parzival, wanda ya tsara tsakanin wajen 1200 da 1210. Da farko basarake ne mai martaba a Capua, kudancin Italiya. Sai ya shiga neman matar Ibert, sarkin Sisili. Sarkin ya kama su tare, ya dandaƙe shi. Klingsor ya fita da kunya, ya tafi garin Persida ya koyi sihiri, har aljanun da ke tsakanin sama da ƙasa suka koma ƙarƙashin ikonsa. Ya gina fadar tsafi, ya tsare sarauniya huɗu da 'yammata ɗari huɗu, ya raba maza da mata, ba mai ganin wani. Ba su kuɓuta ba sai da jarumi Gawan ya shiga ya kwanta a kan wani gadon tsafi mai gudu da kansa yana karo da bango, aka yi masa ruwan duwatsu da kibau, ya tare da garkuwa, sannan ya kashe zakin da aka sako masa.

To, ku duba da kyau. Me matan nan suka yi masa? Ko ɗaya ba ta da hannu a abin da ya same shi. Shi ya taɓa iyalin wani, hukunci ya zo masa da tsanani, amma ya ƙi duban laifinsa, ya bar jaki yana dukan taiki. Tunda an hana shi jin daɗi, sai ya ƙudura kowa ma ya rasa. Wannan shi ne ciwon da nake ji muku tsoro, domin yana kama malami kamar yadda yake kama jahili.

Marubutan baya ba su saki wannan mutum ba. A waƙoƙin gasar mawaƙa ta fadar Wartburg, na ƙarni na 13, ya dawo a matsayin masanin taurari daga Hungari, yana jefa wa Wolfram kacici-kacici, har ya turo masa shaiɗani. A 1882 Richard Wagner ya sa shi a wasan waƙarsa Parsifal a garin Bayreuth. Can shi ya nakasa kansa don ya kasa danne sha'awa, aka ƙi karɓarsa cikin tsarkakan jarumai, sai ya shuka lambun sihiri don ya lalata su. Ilminsa mai yawa ne, amma ba wanda ya ƙaru da shi.

Saboda haka, ɗana, 'yata, in an wulaƙanta ku, ku fara tambayar kanku ina naku kason laifin. In kuna da haƙƙi, ku neme shi wurin wanda ya cuce ku, ta hanyar manya ko ta shari'a. Kada ku huce a kan matar aure, ko yaron shago, ko ɗalibin da aka ba ku amana. In kuma za ku nemi ilmi ko mulki, ku gyara niyya tun kafin ku fita gida, domin wanda ya tafi karatu da ƙulli a zuci makami zai dawo da shi. Allah Ya wanke mana zukata, Ya raba mu da riƙo.